Zuciyar Dabba da Ƙofofin Zuciyar Yaranmu

 

Duk mahaucin da ya taɓa feɗe sa ya san cewa zuciya tana cikin wani tantani mai ƙarfi, idan kuma ya tsaga ta zai ga ɗakuna huɗu, da ƙofofi masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Haka zuciyarmu take. Wannan kamanni shi ya sa likitoci suka fara koyon aikin zuciya a jikin dabbobi. A Amurka, Vivien Thomas ya shafe shekaru yana gwaji a kan karnuka kafin a yi wa jaririya mai lahanin zuciya aiki a asibitin Johns Hopkins a 1944. Tantanin nan da mahauci yake yarwa kuwa, tun 1971 ake tsabtace irinsa, a ɗinka shi ya zama ƙofar da ake sa wa mutum.

Sai dai ina so ku ji inda gizo ke saƙar. A ranar 3 ga Disamba 1967, Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar mutum na farko a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Mara lafiyan ya yi kwana 18 ya rasu da ciwon huhu, domin maganin da aka ba shi don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar zuciya ya karya masa garkuwa. A Janairun 2022, likitocin Jami'ar Maryland, cikinsu har da Muhammad Mohiuddin haifaffen Pakistan, suka dasa wa David Bennett zuciyar alade da aka gyara wa ƙwayoyin halitta guda 10. Wata biyu ya yi ya cika, aka kuma gano alamar wata ƙwayar cuta ta aladu a cikin zuciyar. Na biyu, a 2023, kimanin mako shida ya yi. Hukuncin alade a halin larura magana ce ta malamanmu, ni dai abin da zan ce shi ne wannan hanya har yanzu gwaji ce.

Ko canjin ƙofa ɗaya ma yana da nasa nauyi. Ta tantanin sa tana saurin ƙanƙarewa a jikin matashi, sai an sake buɗe ƙirji. Ta ƙarfe tana daɗewa, amma mai ita zai sha maganin tsinka jini iyakar ransa, ana yawan auna jininsa, maganin kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Ku tuna da 'yarku da za ta yi aure ta ɗauki ciki.

To, me ke lalata ƙofofin nan tun farko? A ƙasashe irin namu, sau da yawa ciwon maƙogwaro ne, wanda muke rainawa. Wata ƙwayar cuta takan kama maƙogwaron yaro, musamman daga shekara 5 zuwa 15. Idan ba a kashe ta ba, bayan mako biyu ko uku garkuwar jikin yaron takan rikice, ta auka wa gaɓoɓinsa da zuciyarsa. Gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma gwiwar hannu ko idon sawu. Wani yaron hannuwansa su riƙa fizga ba da sonsa ba, a ce iskoki ne. Zazzaɓin zai wuce, a yi murna, alhali ya bar tabo a ƙofar zuciya, kuma duk dawowarsa tabon ƙaruwa yake yi. Bayan shekaru sai a ga saurayi yana haki a gona, ko mai ciki ta kasa kwanciya sai a jingine. Girman wannan matsala ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kanta a 2018.

Na san al'adarmu ce a kira wanzami ya cire beli. Ina girmama wanzamai, amma aska ba ta kashe wannan ƙwaya. Penisilin ke kashe ta: allura ɗaya mai daɗewa a jiki, ko ƙwayoyin sha na kwana goma cif, ko da yaro ya warware a rana ta uku. Saboda haka idan yaro ya yi zazzaɓi da zafin haɗiya, musamman in babu tari ko mura, ku kawo shi asibiti a duba maƙogwaronsa. Kada a tsaya ga gwajin zazzaɓin sauro kawai.

Wanda ciwon ya riga ya taɓa zuciyarsa, za a tura shi Djougou ko babban asibitin Parakou a yi masa hoton zuciya, sannan a riƙa yi masa allurar duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Ku fatake da makiyaya masu ƙetarawa Togo, Nijar ko Najeriya, ku tafi da katin yaron, a rubuta ranar kowace allura, domin ma'aikacin lafiya na can ya san ranar da za a yi ta gaba.