Tace Jerin Bayanai a Cikin Ƙamus na Python



A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, akwai ma'ajiyar bayanai da ake kira dict, wato ƙamus, inda kowane mabuɗi yake riƙe da abinsa. Sau da yawa abin da yake riƙe da shi jeri ne. Mu ɗauki sakamakon jarrabawa: mabuɗi sunan aji ne, jerin kuma makin 'yan ajin. Wanda bai zauna jarrabawa ba an sa masa -1, ana so a fitar da irinsa kafin a lissafa matsakaicin maki.

Sabon hannu yakan bi jerin da for, duk inda ya ga -1 ya cire shi da remove. A nan matsalar take. Ku dubi [70, -1, -1, 55]. Python tana bin jeri ne ta lambar gurbi. Da ta isa gurbi na biyu aka cire -1, sai duk abin da ke bayansa ya matso gaba, -1 na biyu ya koma gurbin da aka riga aka wuce. Ita kuwa ta ci gaba zuwa 55. Sakamako [70, -1, 55], matsakaici kusan 41 maimakon 62.5. Abin da ya fi damuna shi ne kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Da mabuɗi aka goge daga ƙamus ana cikin binsa, nan take Python za ta tsaya da RuntimeError. Jeri kuwa shiru yake yi, har lambar ƙarya ta hau takardar da shugaban makaranta zai sa wa hannu.

Mai tankaɗe ba ta tsince tsakin cikin gari ɗaya bayan ɗaya. Rariya take ɗauka, mai laushi ya zuba a sabon mazubi. Haka za mu yi, mu gina sabon jeri, mu bar na asali yadda yake:

tsabta = {aji: [m for m in maki if m != -1] for aji, maki in sakamako.items()}

Gina jeri ta wannan siga ya shigo ne a Python 2.0 a shekarar 2000, na ƙamus kuma yana cikin Python 3.0 ta 2008. Daga 3.7 ta 2018 an tabbatar ƙamus yana kiyaye tsarin shigar mabuɗai, don haka azuzuwan za su fito yadda aka jera su. Idan abubuwan cirewa suna da yawa, a tara su a set, neman abu a cikinsa ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Sai dai kyawun rubutu ba ya maganin sharaɗin da bai dace ba. Wasu None suke sa wa wanda bai zo ba, hakan ma ya fi, amma sai su taƙaita sharaɗin zuwa if m. To, a Python sifili ma ƙarya ne, kamar None da jerin da ba kome a ciki. Ajin da ke da [80, 0, None] zai fito da matsakaici 80, alhali 40 ne. Yaron da ya zauna ya ci sifili an shafe shi, kuma shi ne ya fi bukatar malami ya gan shi. A rubuta if m is not None.

Akwai kuma ajin da bayan tacewa ba abin da ya rage a jerinsa. Raba jimla da tsawon wannan jeri yana jawo ZeroDivisionError. Ni ra'ayina a bar mabuɗin, a nuna ba a samu maki ba, domin ɓacewar aji guda daga rahoto babban abu ne.

Ɗalibai, kafin ku miƙa wa kowa irin wannan aiki, ku gwada shi da jerin da abin cirewa ya zo sau biyu a jere, da mai sifili, da wanda ba kome a cikinsa.