Kunyar ambaton addini a cikin mutane



A fada, bakin shayi, mu ƴan lakwal muna iya kwana gardamar ƙwallo ko siyasa. Amma a anfi ko a biro, in azahar ta yi, sai ka ga saurayi ya zame yana cewa "ina zuwa", ya kasa faɗin salla za shi. A ƙasar da kusan kowa musulmi ne! Mi ya kawo haka?

Da farko harshe ne. Lissafi da kimiyya da faransanci muka koye su, addini kuwa da hausa da larabci, a makarantar allo. Sai muka ɗauka kowane da wurinsa, in an shiga aji a bar addini bakin ƙofa. Alhali tsohon kundin tsarin mulki na 2010, da ya raba hukuma da addini, shi ne kuma ya ba kowa ƴancin addininsa da faɗin ra'ayinsa. Hukuma aka raba da addini, ba kai ba.

Sai tsoron laƙabi. Kana buɗe baki a tambaye ka: ɗan Izala ne ko ɗan ɗarika? Tun hare-haren Boko Haram a Diffa a 2015, mai yawan zancen addini ma har kallon zargi wasu ke yi masa. To, in masu natsuwa suka yi shiru, wa ƙannenmu za su saurara? Masu zafin kai kaɗai za su rage a fili.

Akwai kuma tsoron kuskure, kuma wannan tsoro ne mai kyau. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da amsa cewa bai sani ba. Fatawa ta malamai ce, amma cewa "azumi nake" ba ya bukatar ijaza.

Ku tuna Ja'afar ɗan Abu Ɗalib gaban Najjashi, sarkin Habasha, kirista. Bai ɓoye aƙidarsa ba, bai zagi ta sarki ba, kuma musulmi suka samu mafaka.

Abin da nake roƙonmu ke nan: in salla za ka, ka ce salla za ka. In an tambaye ki dalilin hijabinki, ki amsa da fara'a. Abin da ya fi ƙarfinku, ku kai wa malam.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da harshe mai taushi. Wassalamu alaikum.