Abin da Mai Duban Tafin Hannu Take Karantawa



Kakannin ƙabilar Roma sun baro arewa maso yammacin Indiya kimanin shekara 1000 da ta wuce, jikokinsu suka isa yammacin Turai a farkon ƙarni na 15. Ba gona, ba garin kansu. Maza suka riƙe ƙira da kiɗa da cinikin dawaki, mata suka riƙe duban tafin hannu. A 1530, zamanin Sarki Henry na 8, Ingila ta yi dokar korarsu, har dokar ta ambaci wannan duba cikin laifuffukansu. Masu bincike kuma sun lura da cewa galibi baƙi suke yi wa, ba junansu ba. Hanyar abinci ce.

Zanen tafin hannu tun jariri yana wata uku a ciki yake fitowa, wurin da fata za ta riƙa naɗewa in an dunƙule hannu. Bai san ranar aure ba, bai san ajali ba. Amma hannu yana magana. Ku dubi na mai yankan riɗi a watan Oktoba: kanta a gindin yatsu, tabon lauje, baƙar ƙasar Gadarif a ƙarƙashin farce. Ko likita yakan buɗe tafin yaro, in ya ga ya yi fari fat ya san jini ya yi ƙasa. Mai duba tana riƙe da hannunka tana jin gumi, tana kallon ƙwayar idonka sa'ad da ta ce "tafiya" ko "bashi". Inda ka zabura, nan take bi. Abin da jikinka ya faɗa mata shi take sayar maka.

Mu ma muna da namu: matan ƙabilar Halab, masu watsa wuri, masu bugun ƙasa. Tambayoyin ba sa canzawa. Aure, haihuwa, kishiya, ɗan da ya tafi bai aiko ba. A nan Gadarif kuwa har da damina, tunda noman ruwan sama muke yi, riɗi kuma in an makara 'yan kwanaki sai ya fashe ya zube, ga bashin shail, wato wanda aka ci kafin girbi, yana jira.

Gaibu sai Allah. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna mai zuwa wurin boka yana asarar sallar dare 40, a nan na tsaya. Abin da ke ci min rai shi ne dalilin zuwan. Sau da yawa mai duban nan ita kaɗai ce ke zama ta bar mai damuwa ya kai aya ba ta katse shi ba. Shi ya sa nake roƙon shugabannin manoma da limamanmu su ware zama kafin yankan riɗi, inda wanda bashi ya hana barci zai faɗi damuwarsa a asirce, a duba yadda za a yi da mai binsa.