Wanda Bai Yarda da Allah Ba, Zai Iya Zama Mutumin Kirki?

Jawabin da aka gabatar a zaman iyaye da dattawa masu tallafa wa asusun marayu da gajiyayyu. An rubuta shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba.

  

Maganar da za mu yi yau 'ya'yanmu ne suka shigo mana da ita gida. Yaro ya tafi karatu Legon, ko yana aiki a Landan ko Hamburg ko Bronx, sai ya bugo waya ya ce: "Baba, abokin aikina ya ce bai yarda akwai Allah ba, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ranar da na kwanta asibiti shi ya kwana a kaina. Kuɗin da na aiko a yi mini gini kuwa, kawu ne ya cinye, shi da ba ya rasa sahun farko. To Baba, wane ne mutumin kirki a cikinsu?"

A nan Ghana irin wannan mutum bai da yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kusan kashi 20, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa kashi ɗaya ne da ɗan ɗori. Amma a Ingila da Wales, ƙidayar wannan shekarar ta nuna kashi 37 cikin ɗari sun ce ba su da addini. Wato ɗanmu da ke can, cikin kowane mutum uku da ya gaisa da su, ɗaya yana iya zama haka. Kuma ko wanda bai bar Nima ko Aboabo ba, wayar da ke hannunsa ta kai shi can.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, wanda ba shi da addini ba shi da hali. Wannan amsa tana da haɗari, domin gani ya kori ji. Yaron ya ga alherin mutumin da idonsa. Idan muka ƙaryata abin da ya gani, gobe in mun faɗa masa abin da bai gani ba, wato Lahira da hisabi, zai sa shi a ma'auni ɗaya da wancan. Kuma addininmu bai ɗora mana wannan amsa ba.

Mu koma tarihin Makka. Kimanin shekara 20 kafin a aiko Annabi (SAW), wani baƙon ɗan kasuwa daga ƙasar Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'il kaya, Asi ya hana shi kuɗinsa. Baƙo ne, ba dangi, ba mai tsaya masa. Mu jikokin fataken goro mun san wannan hali, don haka kakanninmu suka sauka Salaga da Kumasi, ba su da kowa sai maigidan da ya sauke su. Mutumin nan ya hau dutsen Abu Ƙubais ya kai kukansa. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Suka karɓo masa kayansa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Annabi yana saurayi ya halarta, kuma bayan Musulunci ya yabi wannan alkawari, ya nuna cewa da za a kira shi ga irinsa zai amsa. Waɗanda suka ƙulla shi masu bautar gumaka ne.

Ga Muɗ'imu ɗan Adiyyu. Da Annabi ya dawo daga Ɗa'ifa an jefe shi har ƙafafunsa sun yi jini, Muɗ'imu ne ya ɗauki makami shi da 'ya'yansa, ya shigo da shi Makka a ƙarƙashin kariyarsa. Ya mutu bai musulunta ba. Bayan yaƙin Badar, Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya ambace shi, ya nuna da yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da an sake su saboda shi. Ga kuma Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, jagoran da ya nuna wa Annabi da Sayyadina Abubakar hanyar Madina. Yana kan addinin Ƙuraishawa, ya san inda suka ɓuya, an sa ladan raƙumi 100 a kan wanda ya kawo Annabi, bai ci amana ba.

Wani zai ce, ai waɗannan sun san akwai Allah, shirka kawai suka yi. Haka ne. Amma mu lura, mafi yawansu ba su yarda za a tashi bayan mutuwa ba. Alƙur'ani ya sha ba da labarin yadda suke izgili da batun rayar da ƙasusuwan da suka rududduge. Ke nan ba tsoron wuta ne ya sa Muɗ'imu ya fito da takobi ba, ba kwaɗayin Aljanna ne ya rufe bakin ɗan Uraiƙiɗ ba. Saboda haka in an tambaye mu ko marar imani zai iya riƙe amana, ya ji tausayi, ya tsaya wa mai rauni, amsarmu ita ce zai iya, kuma mu gode masa yadda Annabi ya gode wa Muɗ'imu.

Daga ina ya samo wannan hali? Malaman Musulunci sun fi shekara dubu suna wannan muhawara, ba a jami'o'in Turai aka fara ta ba. Mu'utazilawa na Basra da Bagadaza suka ce hankali kaɗai ya isa ya gane kyakkyawa da mummuna, kuma mutum abin kamawa ne a kan haka ko manzo bai zo masa ba. Imam Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan Hijira, wanda kuma yawancin malaman wannan yanki namu suka bi tafarkinsa, shi da almajiransa suka ce a'a, lada da zunubi shari'a ce ke tabbatar da su. Imam Maturidi na Samarƙand, da ya rasu a 333, ya tsaya tsakani, yana ganin hankali na iya gane kyawun wasu abubuwa da muninsu. Abin da muke so a riƙe shi ne, ko Ash'arawa ba su ce wanda saƙo bai kai gare shi ba ya kasa bambanta mai ciyar da maraya da mai cin dukiyarsa. Saɓanin yana kan wajabci da sakamako ne. Aya ta 15 a Suratul Isra'i kuma ta nuna Allah ba Ya azabtarwa sai bayan Ya aiko manzo.

Mu a wurinmu sunan wannan abu fiɗira. Suratur Rum ta ambace ta, Suratush Shams ta nuna cewa an cusa wa kowane rai sanin ɓarnarsa da taƙawarsa. Mutumin Kumasi yana buɗe famfo ya sha ruwa, ko ya san madatsar Barekese ko bai sani ba. In ya ce babu wata Barekese, ruwan ba zai fasa kashe masa ƙishi ba, musunsa kuma ba zai kawar da madatsar ba. Haka muke kallon alherin wanda bai yi imani ba. Alheri ne na gaske, daga Mahaliccinsa ya zo masa.

Shi ba zai yarda da wannan misali ba, kuma ya kamata 'ya'yanmu su ji amsarsa daga bakinmu kafin su ji ta a waje. Zai ce mutane sun daɗe da gane cewa zama tare ba ya yiwuwa sai da amana, wanda ya cuci jama'a za a guje shi, tausayi kuma hali ne da ɗan Adam ya gada saboda ya taimaki kakanninsa su rayu. Akwai gaskiya a ciki, duk mai shiga adashi ya san haka. Amma wannan bayani yana faɗa mana dalilin da ya sa muke jin tausayi ne kawai. Bai faɗa mana me ya sa tilas ne mu yi gaskiya ba a ranar da gaskiyar za ta cutar da mu, ƙarya za ta amfane mu, kuma mun tabbata ba wanda zai taɓa sani. Mutumin kirki marar imani zai yi gaskiya a wannan rana, mun yarda, amma in ƙaninsa ya ƙi yi, ba shi da abin da zai ce masa sai dai "ni ba na son haka". Mumini yana da Wanda zai nuna masa.

Sannan fiɗira tana yin tsatsa. Larabawan nan da suka ƙulla Hilful Fudul, a cikinsu ne ake binne 'ya mace da rai, har Suratut Takwir ta zo da batun tambayar da za a yi wa wadda aka binne. Mai karamcin da zai yanka raƙuminsa saboda baƙo, shi ne zai kai hari ya kwashe raƙuman wata ƙabila, jama'arsa su yi masa kirari. Zuciya ta san alheri, amma tana yawan tsayar da shi a bakin ƙofar dangi. Wahayi ne ya faɗaɗa shi, ya sa masa iyaka, ya ce bawa da baƙo da maƙiyi duk suna da haƙƙi. Akwai kuma wanda aka zalunta ya mutu bai ga sakayya ba, azzalumin ya tsufa cikin daula ya mutu a kan gadonsa. In babu ranar hisabi, maganarsu ta ƙare a nan.

Batun lada kuwa, hadisai biyu za mu ajiye kusa da juna. Nana A'isha ta tambayi Annabi game da wannan ɗan Jud'an, mai ciyar da miskinai da sada zumunci, ko hakan zai amfane shi. Muslim ya ruwaito cewa an amsa mata ba zai amfane shi ba, domin bai taɓa roƙon Ubangijinsa gafara saboda ranar sakamako ba. Shi kuma Hakimu ɗan Hizam, ɗan ɗan'uwan Nana Khadija, ya 'yanta bayi 100 tun yana jahiliyya. Da ya musulunta ya tambaya, aka yi masa albishir cewa ya shigo Musulunci tare da alherin da ya gabatar. Don haka ba ma cewa imani da rashinsa ɗaya ne. Amma abokin aikin ɗanmu yana raye, ba mu san ko ƙarshensa irin na Hakimu ba ne, kuma ba mu san wane irin Musulunci aka nuna masa ba. Hukuncin mutum ɗaya-ɗaya na Allah ne.

Yanzu mu dawo kan kawu, don laifi tudu ne. Rabin tambayar yaron a kansa take, kuma ita ce rabin da ta fi ƙona shi. Annabi ya ba da labarin matsiyacin wannan al'umma, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya kawo a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra cewa mulki yana iya ɗorewa tare da kafirci, amma zalunci ba ya barin sa ya ɗore. A unguwanninmu akwai wanda aka aiko wa kuɗin bulo da siminti shekara biyar, yana tura hoton ginin wani. Akwai mai riƙon adashi da ta ɓace ana gobe kwasa. Akwai hajiyar da 'yar kayaye za ta ɗauko mata kaya tun daga Kejetia, ta tsaya tana ciniki da ita a kan sidi biyu. Akwai gadon marayu da aka hana rabawa har yaran suka girma. Da yawa cikin matasan da suka fara shakka ba littafin wani bature ne ya fara girgiza su ba, abin da suka gani a gida ne. In ɗanku ya yi muku wannan tambaya, kafin a kira malam ya yi masa wa'azi, a kira kawu ya biya kuɗin.

Kuma kada a yi masa baki, kada a kore shi. Mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushirika, Annabi ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. In haka ne ga wadda ba ta taɓa musulunta ba, ina ga ɗan da ke salla, tambaya kawai ta dame shi? Ku saurare shi har ya gama. Abin da ya faɗa na gaskiya ku ce gaskiya ne.

Wannan magana ta shafi aikin asusunmu kai tsaye, don an sha tambayarmu abu biyu. Na farko, ko muna karɓar gudummawa daga wanda ba Musulmi ba, har da wanda ba shi da addini. Muna karɓa in dukiyar halal ce kuma ba a gindaya mana sharaɗin da ya saɓa wa addini ba, Annabi ma ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar. Muna rubuta masa takardar godiya kamar kowa. Na biyu, ko muna taimakon wanda ba Musulmi ba. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma littafinta daban yake a wurinmu, ba ma haɗa ta da komai. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take. Rijiyar burtsatse da kuɗin asibiti da abincin da ake rabawa, maƙwabcinmu Batone ko Bafrafra, mai zuwa coci ko wanda ba ya zuwa ko'ina, in yana cikin buƙata za a rubuta sunansa.

Iyayen da ke da yaro mai irin wannan tambaya kuma suna son a zauna da shi cikin sirri, su ga malamai bayan an tashi, wanda ke waje ana iya haɗa shi ta waya. Masu ƙorafin kuɗin gini ko gado da ke hannun dangi su ga kwamitin sulhu, a zo da takardun aike in akwai. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amana.