Jawabin mushe a taronmu: dokar neman takardun hukuma



Ranar 23 ga Fabrairu 2011 aka sa hannu a Yamai kan dokar da ta ba talaka damar neman takardun hukuma ya gani. A shekarar nan ma Dungas ta rabu da Magariya. To, wa ya ji labarin dokar a karkara? Jaridu irin su Le Sahel da Faransanci suke fita, da wuya su wuce Damagaram.

Lanhon da kuke aikowa daga Kano, da kuɗin kasuwa, ina suke shiga? Mu da muka yi lakwal za mu riƙa fassara muku jarida bayan sallar Juma'a, mu raka ku biro a nemi lissafi a rubuce.