Daga Yola Zuwa Jidda: Nisan Da Da Na Yanzu

Jawabin da aka gabatar a taron ban kwana da maniyyatan ƙungiyarmu a Jimeta.

 

Kwanan baya wani maniyyaci ya same ni a shago yake cewa, "Alhaji, wai Makka ɗin nan da nisa?" Na ce masa ya jira ranar taro, don amsar ta shafi kowa.

Idan jirgi ya tashi daga filin jirgin sama na Lamiɗo Aliyu Mustafa da ke nan Jimeta, ya miƙe zuwa Jidda, tazarar wajen kilomita 3,200 ce. Tafiyar awa huɗu zuwa biyar ke nan. Ku kwatanta da Garwa ta Kamaru, inda yawancinmu muke ciniki: ita a miƙe kamar kilomita 100 ce kawai. Wato Jidda ta ninka Garwa sau talatin da 'yan kai. Amma wanda ya bi mota zuwa Garwa, ya sha tsaye-tsayen kan iyaka, zai iya ɓata lokacin da ya isa ya kai alhaji Jidda.

To jama'a, wannan tazara kakanninmu da ƙafa da jakai suka yanke ta. Su bi Marwa, su ratsa Chadi ta Abeshe, su shiga Darfur, su wuce El-Obeid har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Guzuri in ya ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani bai dawo ba ke nan. Garin Mai Wurno na Sudan, mutanenmu ne da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa shi. Shi ya sa a da mai niyyar Hajji sai ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar kowa kafin ya ɗaura kaya.

Yau da jirgi ya taƙaita hanya, mun ɗauki abin kamar zuwa kasuwar Mubi. Mutum ya tashi da kuɗin abokan ciniki a hannunsa ba rubuce, gida ba hatsi, yana cewa ai wata guda ne. Wa ya ba ka tabbacin watan? Ko hanyar saman ma ba kullum take a buɗe ba. A 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ya ƙaru.

Mu kuwa baƙi ne a Adamawa, danginmu suna Kano, Katsina, Sakkwato. In ta Allah ta kasance, wa zai warware lissafinka? Saboda haka ina roƙon kowane maniyyaci, kafin a kira shi sansanin alhazai, ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, a gaban shaidu biyu, ya damƙa wa amintacce. Ya kuma bar wa iyali abin da zai ishe su.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibadarku, Ya dawo mana da ku lafiya. Wassalamu alaikum.