ZAFI DA AMBALIYA A KANO: ƘADDARA CE KO SAKACINMU?

(Matanin laccar da aka gabatar bayan sallar Magariba a majalisin karatu na ƙarshen wata a unguwar Gyadi-Gyadi, ƙaramar hukumar Tarauni.)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa da riƙe shi gwargwadon hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa na zaɓi wannan maudu'i shi ne wani abu da na gani da idona a daminar da ta wuce. An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da muka fito sallar Asuba sai muka tarar ruwa ya shafe layinmu, katangar wani maƙwabcinmu ta zube, matarsa da 'ya'yansa suna kwasar ruwa daga ɗaki da bokiti. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce ƙaddara ce. Wannan magana gaskiya ce, babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. To amma da rana ta ɗaga muka leƙa lambatun da ke bakin layin, sai ga shi cike da leda da robobi da yashi, har ciyawa ta tsiro a kansa. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin muna amfani da kalmar ƙaddara a muhallinta, ko kuwa mun mayar da ita mayafin rufe sakacinmu?

Bari mu fara da abin da ya auku a 'yan shekarun nan. Kowa a nan yana tune da azumin shekarar 1445, wato Maris da Afrilun 2024, yadda zafi ya hana mutane barci a ɗaki, aka riƙa kwana a tsakar gida da ƙofar gida, ƙanƙara ta zama abin bin layi. A wannan azumin ne ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A aikin Hajjin wannan shekarar, zafi ya haura digiri 51 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Ta ɓangaren ruwa kuwa, ambaliyar shekarar 2022 ta kashe mutane sama da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma a wannan daminar ce ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa. A watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci wani babban sashe na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma ruwa ya auka wa garin Mokwa a jihar Neja, mutane fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya gafarta musu.

Wani dattijo zai iya cewa, ai yaro, wannan ba sabon abu ba ne. Kuma yana da hujja. Ƙasar Kano ta ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga farin 1973 da na 1984, ta kuma ga ruwan watan Agustan 1988 wanda ya fasa madatsar Bagauda ya rusa gidaje masu yawa a cikin birni. Fari da ambaliya tsofaffin baƙi ne a ƙasar nan. Abin da ya sauya shi ne yawan zuwansu da ƙarfin da suke zuwa da shi. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda sun ninka sau uku a yankin Sahel daga 1982. Ma'ana, ruwan da a da yakan sauko a hankali cikin kwanakin marka, ƙasa ta sha ta ƙoshi, yanzu yakan zubo cikin 'yan sa'o'i.

Mene ne sababin haka? Masana sun bayyana shi, kuma fahimtarsa ba ta da wuya. Duk lokacin da aka ƙona man fetur ko gas ko kwal, ko aka sare daji aka ƙone, wata iska da ake kira kabon dayokzayid tana tashi ta taru a sararin sama. Wannan iska tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani sashe na zafin da ƙasa take mayarwa sama, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jikin mai barci. Kafin zamanin masana'antu yawanta bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu ya haura 420. Sakamakon haka, shekarar 2024 ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda duniya ta ɗara zafin da take da shi kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi. Iska mai ɗumi kuwa ta fi ɗaukar danshi: kowane digiri ɗaya yana ƙara mata kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa sababi guda yake haifar da abubuwa biyu masu kama da kishiyoyin juna, wato bazara mai ƙuna da damina mai ɓarna.

Ya ku 'yan'uwa, a nan ne mas'alar aƙida take shigowa. Aƙidar Ahlus Sunna ita ce babu abin da yake aukuwa sai da ƙaddarawar Allah, kuma Allah Ya sanya wa kowane abu sababi. Imani da ƙaddara bai taɓa zama izinin barin sababi ba. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya ji labarin annoba a ƙasar Sham sai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida (RA) cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. A shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, Umar ɗin nan ya fita roƙon ruwa, ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina. Ya haɗa addu'a da aiki. Annabi Yusufu (AS) da ya san shekaru bakwai na fari suna tafe, tanadin hatsi ya tsara wa mutanen Masar.

Aya ta 41 a cikin Suratur Rum ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku da ayyukan mutane. Malaman tafsiri sun fassara wannan da saɓon Allah, kuma haka ne. Sai dai mu kan gaggauta nuna zunubin wasu, mu mance da namu. Wanda ya gina shago a kan hanyar ruwa har ruwan ya koma gidan maƙwabcinsa, ya saɓi Allah. Wanda ya aiki yaro ya juye shara a kwata da dare, ya saɓi Allah. Jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu aka yanka kududdufi aka sayar, ya ci amana. Shari'a ta haramta cuta da cutarwa, ta kuma girmama haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya.

Don haka alhakin nan hawa biyu ne. Hawa na farko yana kan ƙasashe masu manyan masana'antu, domin duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan iska, alhali kuwa tana cikin masu shan wahalarta. An ƙulla yarjejeniyar Faris a 2015, an kuma amince da kafa asusun biyan asara a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022, kuma haƙƙin shugabanninmu ne su bi kadin wannan. Hawa na biyu namu ne. Iyayenmu suna ba mu labarin lokacin da Darmanawa da Unguwa Uku da Hotoro suke da gonaki da fadamu da itatuwa. Yau gini ya haɗe, an cike kududdufan da suke karɓar ruwa, an shafe tsakar gida da siminti, an sare darbejiyar ƙofar gida don a fitar da shago. Ruwa ya ƙaru daga sama, mu kuma mun rage masa mashiga a ƙasa. Rana ta ƙara ƙuna, mu kuma mun kawar da inuwa mun rufa kwano. Abin da yake biyo baya mun san shi: rushewar gidajen ƙasa, amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro, da galabaitar tsofaffi da jarirai a lokacin zafi.

Akwai tambayar da ɗalibai suke yawan yi mini: shin sauraron hasashen yanayi ba shiga ilmin gaibu ba ne? Amsa ita ce a'a. Abin da Shari'a ta hana shi ne duba da bokanci da jingina saukar ruwa ga taurari. Shi kuwa hasashen da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, lissafi ne da aka gina a kan awon iska da zafi da danshi, yana iya dacewa yana iya kuskurewa. Bai bambanta da manomin da ya ga hadari ya haɗo a gabas ya ce a kwashe shanya ba. Mu saurare shi mu yi shiri, tare da yaƙinin cewa al'amari yana hannun Allah.

To, mene ne ya wajaba a kanmu? Na farko, kowane masallaci a Gyadi-Gyadi da Tarauni ya ɗauki nauyin magudanar layinsa, a yashe ta kafin ruwan farko, a kuma kwashe abin da aka yaso, kada a bar shi a bakin kwata ya koma ciki. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Na biyu, kowane magidanci ya dasa itace ko guda ɗaya, makarantunmu na Islamiyya su raba wa ɗalibai dashe su rena, domin hadisi ya inganta cewa dashen da mutum ko dabba ko tsuntsu ya amfana da shi sadaka ne ga mai shi. Na uku, kada ɗayanmu ya sayi fili ko ya sayar a kan hanyar ruwa ko kududdufi, komai arhar sa. Na huɗu, idan bazara ta tsananta mu riƙa leƙa tsofaffi da marasa lafiya, mu kai musu ruwa, mu sanar da su rangwamen da Shari'a ta yi wa wanda azumi zai cutar. Na biyar, dattawan unguwa su tafi da murya ɗaya wurin masu unguwanni da kansiloli da hukumar kwashe shara, su nemi a gyara manyan magudanai, cikin ladabi da naci.

Maƙwabcin nan namu ya sake tayar da katangarsa da bashi. Idan damina ta dawo ta tarar da lambatun yadda ta bar shi, katangar za ta sake zubewa, kuma a wannan karon ba mu da bakin cewa ba mu sani ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.